Ranar da Motata Ta Watsa Shingen Sojoji

Ba zan taɓa mantawa da ranar da ni da 'yar motata muka tarwatsa layin shingen sojoji ba, a shekarun nan da ko taya ce ta fashe a Gombe sai kowa ya yi ta kansa.

Ni malamar makaranta ce, a Hammadu Kafi muke zaune. Na daɗe ina tarin kuɗi kafin na sayi motar, 'yar ƙarama, ja, ta hannu. Ranar da aka kawo ta, yayana Hamma Usmanu, wanda shi ne uba a gidanmu tun rasuwar mahaifinmu, ya zagaya ta yana taɓe baki. Ya ce, "A wannan marra, mace ita kaɗai a mota? To ki ji da kyau. Ranar da ta fara tsaya miki a hanya, ranar zan karɓi makullin in sayar da ita." Na ce na ji. A raina kuwa na ce wallahi sai dai ya gan shi a hannuna.

Sai na duƙufa wajen kula da ita. Kullum wanka, rigar kujeru sabuwa, man goge taya, har turaren wuta nake yi mata (eh, da kasko, kamar ɗakin amarya). Abokan aikina sun riga sun zuga ni cewa makanikai cutar mata suke yi, don haka na kafa wa kaina doka: abin da idona bai gani ba, ba zan biya ba. Da Ɗanladi bakanike ya ce, "Malama, a yi mata juye, baƙin man ya koma kwalta. Tiyon lagireto ma yana ɗiga, ki riƙa duba ruwa da safe," sai na kalle shi sama da ƙasa na ce, "Mota na tafiya lafiya lau? Na gode, ba yau ba." Na tafi ina jin kaina mai wayo.

Akwai wata allura a gaban sitiyari da ta fara hawa sama a kwanakin. Ni a tunanina inji ne yake ƙara ƙarfi.

Ranar da abin zai faru, na ɗauko shugabar makarantarmu, Hajiya Asabe, za mu barka a GRA. Rana tsaka, zafi kamar me, ga layi a shingen sojoji, a matsa kaɗan a tsaya. Saura mota biyu a zo kanmu sai na ji wani "tsuuu", sannan "fam!" Farin tururi ya turnuƙe gaban motar. Wani ya ƙwala ihu, "Bam! Bam!"

Innalillahi! Kafin na ƙifta ido titi ya watse. Hajiya Asabe, wadda a kan kujera take salla saboda ciwon gwiwa, da idona na ga ta tsallake kwata, takalmi ɗaya a ƙafa. Sojoji suka saita bindigogi. "Fito! Hannu sama! Durƙusa!" Na durƙusa a kan kwalta mai zafi da sabuwar atamfata, ina kalmar shahada. Gaskiya na ji tsoron da ban taɓa ji ba. Amma makullin nan yana damƙe a hannuna.

Wani dattijon soja ya matso a hankali, ya shaƙi iska, ya sauke bindigarsa. Ya ce, "Madam, tashi ki buɗe bonet."

Jama'a, wata bakwai ina tuƙa motar nan ban san inda ake buɗewa ba. Na ja wani abu, but ɗin baya ya buɗe. Na ja wani, murfin tankin mai ya buɗe. Mutane sun fara dawowa suna leƙe, har da iyayen ɗalibaina. Sojan ya ce, "Anya motarki ce?" Shi ya sunkuya ya buɗe da kansa, ya ga tiyo ya fashe, lagireto a bushe ƙamas. "Yaushe rabonki da zuba mata ruwa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, kullum ana wanke ta."

Dariyar da aka yi, har wanda ya yi ihun bam sai da ya riƙe ciki. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Kafin a jawo motar gida labari ya riga ni. Hamma na tsaye a ƙofar gida, ya miƙo hannu kawai. Na ɓoye makullin a cikin hijabi. Na ce, "Hamma, laifina ne, ba na motar ba. Ka ba ni wata ɗaya. In ka tambaye ni abu a kan motar na kasa, da kaina zan kai ta kasuwa." Ya janye hannunsa ya ce, "Wata ɗaya."

Na koma wurin Ɗanladi na ba shi haƙuri (bai raga mini ba, sai da ya tambaye ni lafiyar turaren wuta). Duk Asabar ina kan bencinsa, hannuna baƙi ƙirin. Ashe abin ma ba yawa: baƙin mai a kan lokaci, ruwa, birki, iskar taya. Saura duk kwalliya ce. Na kuma gane cewa wanda bai san inda ake buɗe bonet ba, bai kamata ya yi wa bakanike kallon ɓarawo ba.

Da wata ya cika Hamma ya zo jarrabawa. Na amsa komai tsaf. Sai na ce, "Hamma, bari in duba taka motar mana." Na zaro sandar gwada mai, na goge, na mayar, na sake zarowa. Da ƙyar mai ya taɓa bakinta. Ya kalli sandar, ya kalli hagu da dama, ya rage murya ya ce, "Riƙe makullinki. Wannan kuma ya tsaya tsakaninmu."

Na ce to. Ku ma don Allah kada ku gaya wa kowa.