Ranar da Na Roƙi Esi Gafara

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na durƙusa a gaban esi, na'urar sanyaya ɗaki, ina kuka ina neman gafara. Kuma ni malamar kimiyya ce a sakandare (Allah Ya sa ɗalibaina ba sa karatun Hausa).

Bikin Bilki ne ya kai ni Jibiya. 'Yar kawuna ce, tare muka tashi a hannun kakarmu Hajiya Dije, wadda ta rasu bara. Na sauka da tsakar rana cikin bazara, kaina yana sarawa. Matar kawu, Inna Rabi, ta ce, "Shiga ɗakin Hajiya ki huta, can ne da sanyi. Mu za mu maƙwabta wurin ƙunshi."

Rabona da ɗakin tun tana raye. Komai na nan yadda na san shi: gadon ƙarfe, buzun salla, carbinta rataye a ƙusa, har ƙamshin turarenta bai gama fita ba. Baƙon abu ɗaya ne, wani farin akwati a saman bango. Kawu ya sa mata shi a ciwonta na ƙarshe, irin esin nan mai kai biyu, ɗaya a ciki ɗaya a waje. Sola ke jan shi, don ba ya shan wuta kamar tsofaffin na taga masu kukan injin niƙa. Shi wannan ko tari ba ya yi.

Gida ya yi tsit, sai ƙugin manyan motoci daga nesa, masu jiran tsallakawa Maraɗi. Na daɗe a kwance ban motsa ba, har iskar esin ta ɗauke. Ina miƙewa zan sha ruwa sai na ji huuu, kamar ajiyar zuciya, sanyi ya sauka a ƙeyata. Na matsa wajen taga, ya biyo ni. Na koma kusurwar buzu, a hankali ya juyo ya same ni. Na ɗaga kai, sai na ga leɓen akwatin yana karkatowa daidai inda nake.

To, Hajiya tana da wata al'ada. In ta san ka yi laifi ba ta tambaya, sai ta tsaya a bayanka tana ajiyar zuciya har ka faɗa da bakinka. Ni kuwa ina da abin faɗa.

Muna 'yan shekara goma na kwance ragon layyarta, wai in ga ko zai bi ni. Bai bi ni ba. Garken wasu fatake ya bi, ya tsallaka Nijar, ba a sake ganinsa ba. Bilki ce aka sa ta ba shi dusa ranar, don haka ita ta sha bulala. Shekara ashirin ban ce uffan ba.

Na kama Ayatul Kursiyyu, na kai tsakiya na ɓata hanya. Ƙofa na nan a buɗe amma ƙafata ta ƙi kai ni. Carbin da ke ƙusa ya soma lilo (iska ce mana, amma wa zai gaya mini a lokacin?). Kawai sai na zube a ƙasa.

"Hajiya ki yafe mini! Ni na kwance ragon, wallahi ba Bilki ba ce! Ni ce!"

"Mi kike cewa?"

Na ƙwalla ƙara. Da na waiga, Inna Rabi ce a bakin ƙofa, ga Bilki a gefenta hannu ɗaure da lalle, ga mata kusan shida a bayansu. Ashe zuwa suka yi su tafi da ni ƙunshi.

Bilki ta nuna akwatin da haɓa. "Ido gare shi, malama. Mutum yake bi da sanyin, don kada ya ɓata wuta inda ba kowa. In ya ga ba motsi sai ya rage, batir ya huta." Sai ta juyo ta dube ni. "Amma zancen rago, ci gaba, muna ji."

Matan suka bushe da dariya, wata har da riƙe bango. Bilki kaɗai ba ta yi ba. Ta ce, "Ba bulalar ce ta dame ni ba. Hajiya ta tafi tana ganin ni ce." Wannan maganar ta fi tsoron da na ji ciwo.

Kwana biyu ba ta kula ni ba. Sai ranar kai amarya, a cikin mota, ta kamo hannuna ta ƙarƙashin mayafi ta matse, ta raɗa mini, "Na yafe, matsoraciya." Ƙawayenta kuwa har aka watse, duk inda na gifta sai na ji wata ta ce meee.

Abin da na koya shi ne, gara ka tuba tun mai haƙƙi na kusa kuma babu 'yan kallo. In kuwa ka ƙi har tsoro ya matso ta daga bakinka, to ka daure ka fara waigawa.