Rijiyar Jatau da Fararen Ɓeraye

Ku gyara zama, yau labarin Nomau na Rafin Kanya za ku ji. Gidansa yana bakin gari, ɗaki biyu da rumbu, yana zaune da matarsa Tasalla da 'ya'yansu mata biyu. Nomau ba mugu ba ne, ba kuma rago ba ne. Matsalarsa ɗaya ce: abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. Tasalla ta taɓa ce masa ya tsaya a bakin kasuwa har ta dawo, sai ta manta ta bi wata hanya ta koma gida. Ruwan sama ya sauka a kansa ya ɗauke yana nan tsaye, sai da la'asar aka je aka taho da shi. Mutanen gari suna kiransa wawa, shi kuma yana amsawa, don a ganinsa duk wanda aka kira ya kamata ya amsa.

Abu ɗaya ne yake sa shi ɗaga kai a garin, wato rijiyar da ke ƙofar gidansa. Mahaifinsa marigayi Jatau ne ya haƙa ta da hannunsa, gaba goma sha biyu, kuma duk garin a nan suke sha. To, a shekarar da nake ba ku labari, bayan kaka, sai yara suka fara ciwo. Ido ya yi rawaya, ciki ya kumbura, abinci ya ƙi shiga. Masu wayon gari, waɗanda ba su taɓa rasa amsar komai ba, suka ce ai rijiyar Jatau ce. Mai Gari ya yanke hukunci a cike ta da ƙasa. Ranar Nomau ya zauna a bakinta ya yi kuka kamar yau aka binne uban nasa.

Ana cikin haka sai ga Dakta Asabe, wata mai binciken guba daga jami'ar birni, ta zo tare da ma'aikatan lafiya. Ta roƙi Mai Gari ya ba ta wata uku. Ta ce tana da fararen ɓeraye na gwaji, rabinsu za su sha ruwan rijiyar, rabi su sha ruwan kwalba mai tsabta. In rijiyar ce, jikinsu zai nuna. Mai Gari ya yarda, aka rufe rijiyar da kwanon rufi aka sa kwaɗo, mata suka koma tafiya rafi. Dakta ta nemi wanda zai riƙa kai mata ruwan duk mako, ya kuma kula da ɓerayen can jami'a. Maza suka yi dariya, wai namiji da gemunsa ya je ya yi wa ɓera hidima. Nomau kaɗai ya ɗaga hannu.

Wata rana, a makonsa na farko, Dakta ta nuna masa ƙofar ɗakin ɓerayen ta ce, “Malam Nomau, babu mai shiga nan sai ya wanke hannu ya sa farar riga, ko wane ne.” Ya ce, “To, ranki ya daɗe.” Da hantsi sai ga shugaban sashen, Farfesa Maikano, ya zo da manyan baƙi, yana sanye da babbar riga mai aiki har gwiwa. Nomau ya tare ƙofa da hannu biyu.

Farfesa ya ce, “Ka san ko ni wane ne?”

Nomau ya ce, “Ban sani ba, ranka ya daɗe, amma an ce ko wane ne.”

Haka Nomau ya sa Farfesa ya tuɓe babbar rigarsa a gaban baƙi, ya tsaya a kansa yana kallo har ya wanke tsakanin yatsu. Farar rigar da ta rage ƙarama ce, maɓalli ɗaya kawai ya shiga. Baƙin suka yi ta yaba tsarin wurin, suka ce ba su taɓa ganin inda ake bin doka haka ba. Farfesa ya karɓi yabon da fara'a, kamar shi ya shirya abin.

Wata rana Dakta ta lura Nomau ba ya karanta lambobin da ke jikin kejin. Ta ce, “Ba komai, ka ba kowanne sunan da za ka iya tunawa.” Nomau kuwa sunayen da yake iya tunawa na mutanen garinsu ne. Ya dubi wani ƙato mai son barci ya ce wannan Mai Gari ne. Mai yawan ƙwace abinci ya zama Sarkin Pawa, wata mai yawan tsuwa ta zama Tasalla. Bayan kwana biyu Mai Gari na gaskiya ya bugo wa Dakta waya yana tambayar yadda aiki ke tafiya, ta buɗe muryar wayar don hannunta na cikin aiki. Sai ga Nomau ya shigo da sauri.

Ya ce, “Dakta, Mai Gari ya ciji Sarkin Pawa a wutsiya, kuma tun jiya bai yi kashi ba.”

Mai Gari kuwa yana ji ta waya. Dakta ta shafe rabin awa tana bayani da ban haƙuri. Amma daga ranar ba a ƙara rikita ɓera da ɓera ba, don Nomau ya san kowanne da fuskarsa da halinsa.

Wata rana Dakta ta ja masa kunne ta ce, “Asirin aikin nan shi ne adalci. Abin da ka yi wa ɗaya ka yi wa duka, ruwan sha kaɗai ne zai bambanta.” Da azahar aka ɗauke wuta, ɗaki ya yi zafi. Nomau ya ɗauko mafici ya fara daga kejin farko, fifita goma ga kowane ɓera, yana ƙirgawa da ƙarfi. Da ya kai na talatin da bakwai sai ya yi atishawa, ƙidaya ta ɓace masa. Don kada ya zalunci wani, ya koma farko. Dakta ta dawo ta same shi jiƙe sharkaf da gumi, ɓeraye arba'in kuwa suna barci abinsu. Ta buɗe baki za ta yi faɗa, ta rasa laifin da za ta kama, sai ta sayo masa zoɓo mai sanyi.

Wata biyu suka wuce babu abin da ya bayyana. Masu shan ruwan rijiya ƙalau, masu shan ruwan kwalba ƙalau. A Rafin Kanya kuwa yara ba su daina ciwo ba, mata sun gaji da hanyar rafi. Masu wayo suka ce ai ɓera ba mutum ba ne, ɓata lokaci kawai ake yi. Mai Gari ya aiko cewa Juma'a uku masu zuwa, bayan an sauko daga masallaci, za a cike rijiyar kowa ya huta. Nomau ya daina cin abinci sosai, tsoro ya kama shi.

Dakta ta yi tunani ta ce tun da yara ne suke ciwo, bari a gwada da ƙananan ɓeraye. Ta kawo ashirin waɗanda aka yaye kwanan nan, goma ruwan rijiya, goma ruwan kwalba. A ranar kuma tafiya ta kama ta, za ta kai jinin manyan ɓerayen zuwa wani babban ɗakin gwaji a kudu, mako biyu. Tana saka jaka a mota ta ce, “Malam Nomau, ƙananan nan ka riƙe su kamar 'ya'yan cikinka.” Ya ce, “To, ranki ya daɗe.”

Nomau ya zauna ya yi nazari. 'Ya'yan cikinsa ba sa cin wannan busasshen abincin buhu. Kunun gyaɗa suke sha da safe, da rana su yi ta gurgurar ƙuli-ƙuli. A Rafin Kanya kuwa ga yadda ake yi da gyaɗa: in an ɓare, sai a zaɓe masu kyau a kai kasuwa, waɗanda suka yamutse ko suka yi baƙi da fumfuna a bar wa gida, a yi kunu da ƙuli. Haka kowa ya taso ya gani, kuma a shekarar ruwa ya daki gyaɗa a shanya, ta gida ta fi ta kasuwa yawa. Da ya je ɗauko ruwa ya ce da Tasalla ta ɗebo masa daga abin da yara suke ci.

Ta ce, “Malam, ɓerayen birni ne za su ci ƙulin 'ya'yana?”

Ya ce, “Su ma yanzu 'ya'yana ne. Dakta ce ta faɗa.”

Dakta ta dawo ranar Talata, saura kwana uku Juma'a. Da ta leƙa kejin ƙananan sai jakarta ta faɗi daga hannunta. Sun rame, gashinsu ya tashi, sun takure a lungu, biyu sun mutu. Ga ɓarɓashin ƙuli a ƙasan keji. Ranta ya ɓaci ƙwarai, har idonta ya kawo ruwa.

Ta ce, “Me ka ba su? Ka lalata min gwaji, ka kuma lalata wa kanka. Da me zan je gaban Mai Gari? Cire rigar nan ka tafi gida.”

Nomau ya fara kwance maɓalli, tun da an ce ya cire. Zuciyarsa ta karye, yana ganin rijiyar ubansa cike da ƙasa. Ya ce a hankali, “Ki yi haƙuri, Dakta. Kin ce kamar 'ya'yana. Abin da suke ci shi na ba su, ban rage musu komai ba.”

Dakta ta tsaya cak. Ta ce, “Abin da 'ya'yanka suke ci?”

“Su da duk yaran garinmu.”

Ta koma ta bi kejin ɗaya bayan ɗaya. Goman ruwan rijiya ba lafiya, goman ruwan kwalba ma ba lafiya, ciwo iri ɗaya. Ta ce ya nuna mata gyaɗar. Ya zazzage aljihunsa a kan tebur, ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta fasa, cikinta kore-kore da fumfuna. Ta ce, “Mayar da rigarka.” Kwana biyu ta yi tana gwada gyaɗar da ƙulin da hantar waɗanda suka mutu. Sakamako ya nuna gubar fumfuna ce, mai cin hanta, ta yi yawa fiye da kima. Jinin manyan da suka daɗe suna shan ruwan rijiya kuwa ya dawo daga kudu tas. Ta yi wa Nomau bayani. Ya ce, “Ashe da hannuna nake ba 'ya'yana guba.” Ta ce, “Ba ka sani ba, babu wanda ya sani. Amma yau an sani.”

Ranar Juma'a suka isa Rafin Kanya an sauko daga masallaci. Jakuna tara suna tsaye a ƙofar gidan Nomau da mangalolin ƙasa, matasa riƙe da shebur. Dakta ta gaida Mai Gari, ta zuba gyaɗar gida a faifai a gaban jama'a, ta faɗi abin da ta gani. Ba ta ɓoye komai ba. Ta ce kuskure ne ya tona asirin, kuma za ta maimaita gwajin yadda ya kamata, amma daga yau kada yaro ya ƙara cin wannan gyaɗar, marasa lafiya kuma a kai su asibiti. Ta ce, “Ranka ya daɗe, ni da digirina ruwa nake ta kallo. Malam Nomau ne ya kawo min abin da ke cikin kwanon yaranku.” Masu wayon gari suka fara cewa ai dama su sun yi zargin gyaɗar, amma babu wanda ya saurare su.

Mai Gari ya daɗe yana juya ƙwayar gyaɗa a tafin hannunsa. Sannan ya ciro mabuɗi daga aljihu ya miƙa. Ya ce, “Nomau ɗan Jatau, buɗe rijiyar ubanka, ka ja mana ruwa kowa ya sha.”

An ce kowa. Nomau ya ja guga ya ba Mai Gari, ya ba Dakta, ya ba matasan da suka zo da shebur, ya shayar da jakunan tara. Ya bi masu wayo ɗaya-ɗaya da moɗa, wanda ya ce ba ya jin ƙishirwa ya tsaya a gabansa har sai ya sha. Sannan ya ɗora tulu a kai ya bi gari gida-gida, ya kai wa tsofaffin da ba sa iya fitowa da masu jego. Farin ciki ya hana shi jin gajiya. Rana ta yi sanyi kafin ya dawo ƙofar gidansa, leɓensa a bushe, ya ce da Tasalla ya gama, babu wanda ya rage.

Tasalla ta ce, “Saura mutum ɗaya, Malam. Ko kai ba ka cikin kowa?”

Nomau ya yi tunani ya ga gaskiyarta. Ya zauna a bakin rijiyar ubansa, ta cika masa moɗa, ya shanye ya miƙo a ƙara.