Motar Tseren Landan Mai Birki Biyu

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin Juma'ar da na tara rabin majalisar unguwar Hausari a bayan garin Potiskum don su ga yadda ake tseren mota. Yanzu gemuna ya yi fari, jikokina suna tuƙi, amma har gobe idan na ga harafin L a bayan wata mota sai in kawar da kai kamar na haɗu da surukata a kasuwa.

A shekarun casa'in ne, ba a daɗe da ba mu jihar Yobe ba. Ni ɗan kara ne, cinikin shanu na gada. Saniya ko daga nesa na hango ta zan gaya maka shekarunta da irin ciyawar da ta ci. Mota kuwa, abin da na sani game da ita bai wuce a murɗa makulli a taka ba. Karatun boko a aji huɗu na sauka (ko kuma aka sauke ni, wannan wani labarin ne).

Wata tafiya ce ta kai ni Jos. Wani dillali mai zaƙin baki ya ja ni bayan wani gareji ya yaye tamfol, sai ga wata tsohuwar mota ƙarama mai ƙofa biyu, ruwan toka, ta lotsa ta kowace kusurwa. Ya rage murya ya ce, "Alhaji, wannan ba mota ba ce, tarihi ce. Wani Baturen kuza ne ya zo da ita. A ƙasarsu tsere yake yi da ita, irin na miƙe ɗin nan: motoci biyu su jeru, a ɗaga tuta, kafin ka ƙifta ido an isa."

Ya kawo mini hujjoji har huɗu. Ya nuna ƙofa, inda lamba ɗaya take leƙowa ta ƙarƙashin fenti: ita ta zo ta ɗaya ke nan. Ya zagaya da ni baya, ga wani jan harafin L da ya dushe: Landan ke nan. Ya tayar da ita, ta yi wata irin ƙara da ta kori kajin unguwar. Sannan ya buɗe ɓangaren mai zaman banza, sai ga wani birki na biyu a ƙasa. Ya ce gudunta ya fi ƙarfin ƙafar mutum ɗaya, sai mutum biyu sun haɗu suke iya tsayar da ita.

Wallahi wannan birkin ne ya gama da ni. Na saye ta.

Da na iso gida, Hajiya ta leƙo daga zaure ta dube ta sama da ƙasa, ta ce, "Alhaji, haɗari kuka yi a hanya?" Na ce mata tabon tsere ne. Ta ce, "Allah ya kyauta," ta koma ciki.

Washegari na kai ta wurin Gimba bakanike a unguwar Bolewa. Gimba abokina ne tun muna yara, tare muka sha bulala a makarantar allo. Duk keken da na taɓa hawa, duk babur, shi ya gyara. Mutum ne marar yawan magana, kullum da tsumma a kafaɗa. Ya buɗe bonet ya daɗe yana kallo. Ya kwanta a ƙarƙashinta. Ya goge wani ƙarfe da fetur ya kwafe wata doguwar lamba a bayan kwalin ashana. Ya karɓi takardun ya jujjuya, ya shinshina su ma.

Sai ya ja ni gefe, inda ba mai jin mu, ya ce, "Mutumina, injin nan ko garin Fika ba zai kai ka da gudu ba. Ƙarar da kake ji salansa ce ta fashe. L ɗin nan kuma ba Landan ba ce, lana ce. Motar koyon tuƙi ka sayo."

A ɓoye ya gaya mini, don ya rufa mini asiri. Ni kuwa me na yi? Da yamma na je majalisa, gaban shagon Alhaji Buba, na ce a gaban kowa wai Gimba hassada yake mini. Na ce mutumin da bai taɓa wuce Damaturu ba ina ya san motar Landan. (Ni ma a lokacin iyakata Legas, a saman motar shanu.) Gimba yana zaune a ƙarshen benci. Ya shanye shayinsa, ya ajiye kofi, ya tafi. Daga ranar bai sake zuwa majalisa ba, ni ma ban sake bi ta Bolewa ba. Abota ta shekara talatin da wani abu na ajiye a kan harafi guda.

Alhaji Buba Bafulatani ne, shi ma ɗan kara, ba ya barin magana ta faɗi ƙasa. Kullum sai ya ce, "Alhaji, yaushe za mu ga gudun Landan ɗin nan? Ni fa a-kori-kurata ko da bijimi biyu a baya za ta wuce ka." Tun ina kaucewa har na gaji. Muka sa rana: Juma'a bayan la'asar, a wani fili mai faɗi a bayan gari, daga gindin kuka zuwa kwalbati.

Ana jibi tseren sai ga Gimba ya yi sallama a ƙofar gidana. Ashe duk makonnin nan ba zama ya yi ba. Ya ba direbobin Jos lambar da ya kwafa da sunan da ke kan tsohuwar takardar motar, aka bi daga wannan gareji zuwa wancan, wanda ya sayar ya nuna wanda ya sayar masa, har aka dangana da wani dattijo, Baba Iliya. Ikon Allah, dattijon yana nan Potiskum, ya zo wurin 'yarsa da ke aure a Dogo Nini.

Gimba ya ce, "Na samo wanda ya yi shekara goma sha huɗu a cikin motarka. Ka bari in kawo shi zaurenka, ku yi magana ku biyu."

Na ce, "A wane ɓangare yake zama?"

Ya ce, "Ɓangaren birki na biyu."

Sai zuciyata ta yi fari fes. Abokin tseren Bature ke nan! Na ce, "Babu zancen zaure. A gaban jama'a aka yi musu, a gaban jama'a zai ba da shaida. Ka kawo shi fili ranar Juma'a."

Gimba ya dube ni. Ya ce, "Ka tabbata?"

Na ce, "Ko tsoro kake ji?"

Sau biyu ke nan bawan Allah yana ƙoƙarin rufe ni da mayafi ina yayewa.

Ranar Juma'a na sha babbar riga ruwan ƙwai, na ɗaura rawani har haɓa, don an ce masu tsere suna kare kansu. Mutane sun taru, 'yan kara, 'yan tasha, masu rake, har da liman ɗin masallacinmu wanda ya ce shi wucewa kawai yake yi. Gimba ya iso da wani tsoho siriri mai tabarau da sanda. Tsohon yana ganin motar ya saki sandar. Ya dafa bonet da hannu biyu ya ce, "Ladi! Ladi, kina nan da rai?"

Na juya ga jama'a na ce, "Kun ji? Har suna gare ta." Ban bari ya ƙara kalma ba. Na buɗe masa ƙofa da kaina na ce, "Baba, bismillah, koma mazauninka. Mu nuna musu, bayani ya biyo baya."

Ya shiga ya gyara zama, ƙafarsa ta dama ta tafi kan birkin nan ita kaɗai, kamar jiya ya bar shi. Ya ce, "Ɗana, ina za mu?" Na ce, "Kwalbati." Ya ce, "To, gyara madubinka." Na ɗauka sirrin masu tsere ne, na gyara.

Buba ya jera a-kori-kurarsa kusa da ni yana dariya. Wani ya ɗaga hula sama, ya sake ta. Na danna totur har ƙasa, na saki kuloci gaba ɗaya. Ladi ta yi tsalle kamar ɗan maraƙin da aka kwance, ta yi ƙara, ta fara tafiya. Baba Iliya yana cewa, "A hankali. A hankali na ce." Ni ina! Na cusa giya ta biyu, ta yi kuka, na nemi ta uku na rasa inda take. Jama'a suna ihu. A raina na riga na isa Landan.

Sai kawai duniya ta tsaya. Ƙirjina ya daki sitiyari, rawani ya zamo ya rufe mini ido, inji ya mutu. Baba Iliya ne ya take birkinsa.

Ba mu yi ko tsawon igiyar shanu uku ba. Duk wanda ke filin yana iya jin mu, ga tagogi a buɗe. Ina ƙoƙarin fito da fuskata daga rawani sai na ji an ɗaka mini duka a bayan hannu.

"Wa ya koya maka tuƙi? Haka ake sakin kuloci? Ka duba madubi kafin ka tashi? Ka ba da hannu? Mayar da ita firi. Daga farko!"

Na ce, "Baba, tsere fa muke yi."

Ya ce, "Da Ladi? Ɗana, shekara goma sha huɗu ina koyar da tuƙi a motar nan, ban taɓa barin ta ta ga giya ta huɗu ba."

Kafin in buɗe ƙofa an kewaye mu. Tsohon ya fito yana murna, shi bai ma san ana wata rigima ba. Ya zaro wani hoto daga aljihu: ga shi nan da ƙuruciyarsa, ga Ladi sabuwa, ga allon makarantar koyon tuƙi a kan rufinta. Ya bi ta kusurwa kusurwa yana ba da tarihi. Wannan lotsawar wata malamar asibiti ce ta daki durom. Wannan wani ɗan sanda ne ya yi ribas cikin bishiyar mangwaro. Lamba ɗaya kuwa, motoci biyu makarantar take da su, Ladi ce ta ɗaya.

Liman ya ce, "To Baturen fa?"

Baba Iliya ya yi tunani ya ce, "Akwai wani Bature da ya taɓa kawo kukunsa ya koya."

Wani ɗan tasha ya ce, "L ɗin fa, Baba? Ba Landan ba ce?"

Tsohon ya cire tabarau ya dube shi. "Landan kuma? Lana dai."

Filin ya fashe. Wani har da kwanciya a ƙasa. Mai rake ya watsar da rakensa. Buba, wanda ya kai kwalbati tuntuni, ya dawo da baya da baya yana danna hon, ya leƙo ya ce, "Alhaji Lana, ko in ja ka zuwa Landan ɗin?"

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Gimba yana tsaye can gefe da kwalin ashanarsa a hannu. Wani ya ce ya karanto lambar a gwada da ta wata tsohuwar takarda da Baba Iliya ya zo da ita, kowa ya ji. Ya mayar da kwalin aljihu ya ce, "Ba sai an karanta ba." Ya zo ya ɗaure wayar batir da ta fita, ya tayar mini da motar, ya juya zai tafi.

Wannan ne ya fi dukan bayan hannun zafi. Na riƙo rigarsa. Na ce da jama'a su saurara, tunda a gabansu na yi ɓarnar. Na ce, "Gimba ya gaya mini gaskiya a ɓoye, ni na zage shi a fili. Ba hassada yake mini ba, jahilcina ne. Mutumina, ka yafe mini."

Ya dube ni, ya dubi rawanin da ke rataye a kunnena ɗaya. Sai dariyar da ya riƙe wata guda ta ƙwace masa, har yana dafa kafaɗata. Da ya samu numfashi ya ce, "Ka kawo ta gobe in liƙe salansar. Ta hana unguwa barcin rana."

Ban sayar da Ladi ba. Baba Iliya ya ƙara mako biyu a Dogo Nini, kullum da safe muna filin nan, Gimba ya sake rangaɗa mata sabuwar L ja wur da hannunsa, gaba da baya, wai don a gani daga nesa. Ina da 'ya'ya shida a lokacin, ana dukan bayan hannuna ina cewa "To, Baba." A cikinta manyan 'ya'yana uku suka koya, da ƙanin Buba, da Hajiya kanta, wadda Baba Iliya ya ce ta fi ni natsuwa (ban tambaye shi ba, shi ya ga dama ya faɗa). Tarihinta na gaskiya ma ya fi na dillalin daɗi: motar da ta koya wa mutane masu yawa tuƙi ba ta taɓa kashe ko kaza ba.

Sunan Alhaji Lana kuwa ya bi ni. Har katin ɗaurin aure an taɓa aiko mini da shi, na kuma je.

Abin da na koya ba shi da yawa. Ni da ba na sayen saniya sai na buɗe bakinta na ga haƙori, na sayi mota da kunne. Yanzu duk wanda ya kawo mini tsohon abu da dogon labari, sai in ce ya jira in kira mai tsumma a kafaɗa. Idan kuma aboki ya ja ni gefe ya ce mu yi magana a zaure, to a zauren nake tsayawa. Sannan ko kusa ba na sake zaunar da mai ba da shaida a inda ƙafarsa za ta kai ga birki.