Kwamitin Kula da Lansir

A wani daji da ke gindin dutse, akwai wata 'yar maɓuɓɓuga da lansir na daji ke fitowa a bakinta. Ba wanda ya shuka shi. Yana da yaji-yaji a harshe da ƙananan furanni farare, kuma ko an cinye ganyen tas, saiwar na nan a ƙasa, kwana kaɗan ta sake tofowa. In rani ya tsananta, shi kaɗai ne kore a dajin.

Gada ta fi kowa dogara da shi, don bana tana shayarwa, kuma in ba ta ci ɗanyen ganye ba nononta ɗaukewa yake yi. Wata safiya ta tarar Zomo ya riga ta, baki cike.

Ta ce, "Kai Zomo, gonar ubanka ce?"

"Ta naki uban ce, Yaya Gada? Matso mana, akwai wuri."

Akwai wurin kuwa. Amma Gada ba ta matsa ba, majalisa ta wuce ta kai ƙara.

Ɓauna, shugaban majalisa, bai taɓa ɗanɗana lansir ba, saboda haka ya yi magana a kansa ba shakka ko kaɗan. Ya ce, "Jama'a, abin kunya ne a ce tun zamanin kakanninmu ganyen nan yake fitowa ba mai kula da shi. Wa ke duba lafiyarsa? Daga yau an kafa kwamiti, kuma ba mai ƙara taɓa shi sai an gama bincike. Gyado ne shugaba, tunda ya san ƙasa. Ke Gada, da kika kawo kuka, ke ce mataimakiya."

Gada ta koma gida tana taku ɗai-ɗai.

A zaman farko Gyado ya yi gyaran murya. "Ganye yaudara ne, kowa ma na iya yin kore. Lafiyar tsiro a saiwa take, ni kuwa ba na shaidar abin da ban gani ba." Ya sa haure ya tono guda. Saiwar ta fito fara tas. "Madalla. Sai dai ido kaɗai bai isa ba, a raba wa 'yan kwamiti su ɗanɗana."

Gada ta san abin da aka tono ba ya komawa. Ta buɗe baki za ta faɗa, sai aka miƙo mata kason mataimakiya. Ashe saiwar ta fi ganyen daɗi.

Da yake kowane tsiro da halinsa, sai bincike ya ci gaba kullum. Zomo kan tsaya daga nesa ya ɗaga murya, "Yaya Gada, ya mai jiki?"

"Da sauƙi. Matsa daga nan, wurin aiki ne."

Ranar da aka zo kan na ƙarshe, Gada ta matso kusa da Gyado. Ta ce, "Ranka ya daɗe, a bar wannan mana."

Gyado ya zaro ido. "A bar shi ba a duba ba? In shi ne mai cutar fa? So kike a ce mun yi rabin aiki?"

Ba ta so a ce hakan. Aka tono shi.

Da bazara ta kama, ɗanta ya ja nono ya ja, ya saki yana kuka. Ta ruga wurin Ɓauna. Ya saurare ta da kyau, sannan ya ce, "Ki kwantar da hankalinki. Kwamitinku ya tabbatar duk saiwoyin lafiyarsu ƙalau. Ba ƙaramin aiki kuka yi ba."

A hanyar dawowa ta gamu da Zomo, ya yi ɓul-ɓul.

Ta sassauta murya. "Ƙanena, ina kake kiwo yanzu?"

"Wata 'yar ciyawa ce can, Yaya. Ba ta kai a kafa mata kwamiti ba." Ya shige sunƙuru.

Washegari Gada ta sa ɗanta a gaba suka bar dajin neman ɗanyen ganye. Kafin azahar an naɗa wata a gurbinta, don aikin ba ya jira.

Tun daga lokacin ba a sake kama kowa da satar lansir a dajin ba, kuma majalisa ta yaba wa kwamitin ƙwarai a kan haka.