Gayyar Mansaf a Kalandar Makaranta

Tun da aka ɗora wa Ustaza Khitam, wadda ake kira Ummu Lais, aikin mayar da makarantarsu ta garin Karak kan sabon tsarin imel da kalandar da kowa ke gani, ba ta ƙara shan shayinta da zafi ba. Ta buɗe wa kowa akwatinsa, daga shugaban makaranta har mai gadi. Ta tara malamai ta koya musu, ta sake tarawa ta sake koyarwa. Wannan ya manta lambar sirrinsa, wancan ya ba matarsa ta riƙe masa, wani kuma ya ce shi dai a ci gaba da liƙa sanarwa a jikin ƙofa kamar yadda ya taso ya tarar. Ta gaji, ta gaji har ƙarar fankar kwamfuta ma haushi take ba ta.

Ranar Laraba da hutun safe, ta zauna ke nan ta warware burodinta da falafel, ƙosan ƙasar, sai aka banko ƙofa. Ustaz Miflih ne, malamin tarihi, wanda gari ke kira Abu Sakhar. Uwarsa da ubanta ciki ɗaya suka fito, kuma tun suna yara ba su taɓa haɗuwa suka rabu ba tare da sun yi wa juna tsiya ba. Ya shigo yana haki, hattarsa, wato rawaninsa, ta karkace a ka, yana amsa gaisuwar da ba a riga an yi masa ba.

"...lafiya lau, yara ma lafiya, kawu kuwa jiya na gan shi, ya fi ni ƙoshi. Bar gaisuwar nan, bint khali, 'yar kawuna, tashi ki kashe wutar da kika kunna mini."

"Ikon Allah! Abu Sakhar da ƙafarsa a ɗakin kwamfuta? Ɓatan hanya ka yi, ko ƙamshin falafel ne ya jawo ka?"

"Falafel ɗin da ko kyanwar gidanku ba ta ci? Na ce tashi ki goge abin nan."

"Wane abu?"

"Kin fi ni sani. Ke ce uwar abin."

Ta sani mana. Wane ne bai sani ba a makarantar? Amma ta daɗe ba ta sami abin da ya faranta mata rai ba, saboda haka ta gutsiri burodinta a hankali, ta nuna masa kujera da haɓa.

"Zauna ka ba ni labari, ibn ammati, ɗan goggona. Ai kai ne malamin tarihi."

"Ni fa mutum ɗaya na yi niyyar gayyata. Sabon malamin lissafin nan da aka turo daga Irbid. Baƙo ne, ba shi da kowa a gari, kullum sai kifin gwangwani. Na ce bari ya zo gidana ranar Juma'a bayan masallaci ya ci mansaf, shinkafarmu da naman rago a miyar kindirmo, ya san ya zo Karak."

"Madalla. To ka gaya masa da baki mana. Bakin naka ciwo yake?"

"Ba ke kika tsaya a gaban allo kina kaɗa mana yatsa ba, wai daga yau duk wata gayyata sai a kalanda?"

"Gayyatar taro na ce! Taron malamai, taron iyaye! Yaushe na ambaci tukunyar gidanka?"

"Kuma kika ce kalandar nan kowa yana ganinta. To gaya mini, wane ɗan mutunci ne zai kira mutum ɗaya cin abinci a gaban jama'a, saura suna kallo? Ko burodi na sayo na wuce mutane a bakin hanya, ai sai na ce bismillah. Sai na ga wani wuri an rubuta dukkan ma'aikata. Na ce yawwa, ga bismillar zamani. Na danna."

"Ka danna."

"Na danna! Tayi ne, Khitam, tayi! Jariri ma ya san tayi. Ka ce bismillah, a ce Allah ya ƙara buɗi. Ka ce don Allah, a ce wallahi yanzu na tashi daga kan abinci. Ka ce to sai wani lokaci. Kowa ya tafi da mutuncinsa, tukunya ba ta ma san an yi ba. Amma wannan akwatin naki na aljanu me yake ba mutum?"

"E, a'a, wataƙila."

"To wa zai danna a'a, sunansa ya fito ƙarara a gaban makaranta guda cewa ya ƙi abincin Abu Sakhar? Wa zai danna wataƙila, kamar mai shakkar girkin matata? Kowa e! Direban bas e! Mai gadi e! Har malamin kimiyya da ke kwance a asibiti a Amman da karaya, e!"

Khitam ta so ta yi dariya, amma haushi ya riga dariyar fitowa. Ta ajiye burodin ta juyo da kujerarta gaba ɗaya.

"Ka san me ya fi ƙona mini rai? Tun farkon zango nake bin mutanen nan kamar mai roƙon gishiri. Na aika saƙo kan ranakun jarrabawa, mutum biyu suka buɗe, ɗaya daga ciki ni ce. Kai kuwa da ka ambaci nama, kafin la'asar babu wanda bai tuna lambar sirrinsa ba. Malamin nan da ya rantse mini idonsa ba ya ganin rubutun waya, shi ne na farko da ya amsa."

"Af, to ki gode mini. Na yi miki aikin da kika kasa."

"In gode maka? Da hannunka mai kama da fartanya ka danna abu, ka zo ka ce laifina ne, yanzu kuma godiya kake nema?"

"Hannun nan ne ya riƙe ki kina koyon tafiya, mara kunya."

"Shi ya sa na daɗe ban iya ba."

Ya cire hattar ya goge gumi ya mayar, ta ƙara karkacewa. Muryarsa ta yi ƙasa.

"Shugaba ya amsa, kin gani? Kuma ga kowa ya aika. Wai ya ji daɗin ganin dattijo irina ya rungumi zamani, wai shi zai kawo kunafa, kayan zaƙin nan. Kunafa! Wa ya tambaye shi kunafa? Ya kawo rago mana!"

"Matarka Ummu Sakhar ta sani?"

"Tun jiya. Matar shugaba ta buga mata waya tana tambaya ko a zo da ƙarin kujeru. Na dawo gida na tarar da ita tsaye a bakin ƙofa, hannu a ƙugu. Abincin rana ban gan shi ba. Burodi da mai da garin yajin za'atar na ci, a tsaye, kamar ɗan haya."

"Raguna nawa gare ka?"

"Ɗaya. Shi ma in ka yi atishawa kusa da shi sai ya faɗi."

"To, makaranta guda a kan ragon da atishawa ke kayarwa. Sai dai kowa ya shinshina ya ba na kusa da shi."

"Dariya ma kike yi. Ki goge, na ce!"

"Kai ma kana iya sokewa. Ga wurin nan, danna kawai. Nan take saƙo zai shiga wayar kowa cewa Ustaz Miflih ya soke mansaf."

Ya zabura kamar ya taka garwashi.

"Da sunana?"

"Da sunanka da hotonka. Wannan hoton da ka turo mini, wanda ka murɗe gashin baki."

"A'uzubillahi! Ɗan Karak ya kira mutane mansaf ya soke? Ai gara in sayar da mota. Gara in nemi canjin wurin aiki zuwa bakin iyaka. Jikokina za a riƙa nuna su a kasuwa ana cewa ga zuriyar wanda ya soke. Ki ce intanet ce ta ɗauke."

"Intanet ba ta ɗauke abin da mutane suka riga suka gani."

"Ki ce ɓarayin kwamfuta ne suka shiga."

"Ɓarayi suka shiga, ba su saci komai ba, sai dai suka gayyaci mutane cin abinci gidanka? Waɗanne irin ɓarayi ne masu karamci haka?"

"To ki ce na mutu!"

"Sai su zo ta'aziyya, kuma sai an ba su mansaf."

Ya zube a kan kujera. Sai a lokacin ta dube shi da kyau, ta ga idanunsa sun yi ja, da gani bai rintsa ba. Mutumin nan duk surutunsa ba shi da abin da ya mallaka da ya wuce sunansa, kuma ta san da gaske yake, zai iya sayar da motar. Tausayinsa ya kama ta, ta kuma ji haushin kanta da ya kama ta.

"Saurara, sarkin 'yan dannawa. Akwai hanya ɗaya. Ni ce mai kula da tsarin, ina iya cire gayyatar ba tare da sunanka ya fito ba. Sai in rubuta wa kowa in ce gwaji ne na yi da akwatinka, don in ga wa ke karanta saƙo."

"Za su yarda?"

"Za su yarda, su kuma tsine mini. Daga ranar ko gobara na rubuta musu ba wanda zai ƙara buɗewa. Wahalar zango guda ta tafi a banza. Amma ya zan yi, goggo ce ta haife ka, ba ni na zaɓa ba."

"Allah ya yi miki albarka, Ummu Lais. Dama tun kina yarinya na san akwai ɗan hankali a cikin kan nan, nema kawai yake so."

"Ci gaba da magana in fasa."

Ta jawo kwamfutar ta buɗe gayyatar. Sunaye suka jeru, kowanne da koriyar alama a gefensa. Ya matso yana leƙe ta bayan kafaɗarta, sai ya sa yatsa a kan gilashin.

"Tsaya. Wannan jan fa?"

"Ba komai. Ɗauke yatsanka, kana shafa mini mai."

"Ja ba ya zama ba komai. Wani ya ce a'a ke nan?"

"Mutum ɗaya ne. Ai sauƙi ka samu."

"Sauƙi? Wane ne? Wane mara tarbiyya ne ya ƙi mansaf ɗina a gaban jama'a? Ƙara girman rubutun in gani!"

Ba ta ƙara ba, amma ya riga ya ciro tabarau. Ya karanta, ya cire tabarau, ya dube ta, ya mayar ya sake karantawa.

"Ke?"

"Tausayinka na ji, sakarai. Na ce bari in rage maka baki ɗaya."

"Ke! 'Yar kawuna! Baƙo daga Irbid ya ce e, mai karaya a Amman ya ce e, jinina kuma ta tsaya a gaban makaranta guda ta ce a'a! Tun yaushe jan nan yake a nan?"

"Tun shekaranjiya."

"Kowa ya gani ke nan! Shi ya sa mataimakin shugaba ya dafa kafaɗata jiya ya ce in yi haƙuri, zumunci sai da juriya. Ni ban ma gane ba! Yanzu gari ya ɗauka akwai gaba tsakanin gidan kawu da gidanmu. Canza shi!"

"Me zan canza? Ai gogewa za mu yi."

"An fasa gogewa!"

"Abu Sakhar, yanzu fa kake neman a ce ka mutu."

"Na tashi! In aka goge yanzu, me mutane za su riƙe? Cewa 'yar kawunsa ta ƙi abincinsa, ya ji kunya ya janye, ta zo tana rufa masa asiri da zancen gwaji. Wallahi ba za a goge ba. Wallahi sai kin zo, ke da mijinki Abu Lais da yara, har da kawu da sandarsa. Sai kin zauna a gaban babban faranti kowa ya gan ki kina ci."

"Da wane naman?"

"Ba ruwanki! Danna!"

"Ka shigo ɗakin nan a rage maka mutane, za ka fita an ƙara maka gida guda. Goggo ta taɓa kai ka asibiti kuwa a duba kan nan?"

"Danna, na ce, ko in danna miki da fartanyar!"

Nan dariyar da ta danne tun shigowarsa ta ƙwace mata. Ta yi ta yi har da hawaye, ta kife kai a tebur, sannan ta ɗago ta danna. Jan ya koma kore. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu, ya ciro ya duba, ya gyara tsayuwa yana shafa gashin baki kamar wanda ya ci yaƙi. Bai fi ƙiftawar ido ba fuskar ta sake faɗuwa, don ya tuna da ragonsa.

"Na sallama, ka fi ni hauka," in ji ta tana goge ido. "In an tashi ka bi ta gidanmu. Akwai raguna biyu da Abu Lais ke kiwo a bayan gida, ka ɗauki mai ƙibar. Jamid kuwa, busasshen kindirmon miyar, zan karɓo wajen mama, ka san nata babu irinsa a Karak. Manyan tukwanen bikin Lais ma suna nan, in aiko wa Ummu Sakhar."

Ya ɗora hannu a ƙirji, ya sunkuyar da kai.

"Haba, Ummu Lais. A'a wallahi, wannan ya yi yawa, ba zan iya karɓa ba..."

"To shi ke nan, ka ce a'a. A ɗakin nan sau ɗaya ake tambaya."

"E! E na ce! Wa ya ce a'a? Mai ƙibar fa kika ce, akwai shaida!"