Yadda Za Ka Faɗa wa Surukinka Cewa Maniyyin Ƙadangaren Ruwa Kake Aunawa

Ɗan'uwa, shekara shida kana duƙe kan madubin ƙara girman ƙananan abubuwa a ɗakin gwaji, gobe kuma za ka je gaida mahaifin yarinyar da kake mutuwar so. Zai tambayi sana'arka. Kwantar da hankalinka! Bi matakan nan, aure kamar an ɗaura.

1. Fara daga nesa

Ka durƙusa, ka ce, "Baba, halittun ruwa nake bincike." Zai zaci kifi ne. Ƙyale shi, ba kai ka ce ba.

2. Kama bakinka

Na san halinmu. Da an taɓo aikin sai ido ya kawo wuta: "Ai ƙwayar maniyyin ƙadangaren nan ta ninka ta mutum tsawo, ga wani siririn labule a jikin wutsiyar yana kaɗawa, abin sha'awa!" Kai! A falon suruki? Ɗauki kofin ruwan da aka ajiye maka, ka yi ta sha.

3. Ji tsoron gwaggo

Tana bakin ƙofa, wai tsintar zare take. Za ta ce, "Ɗana, me kake dubawa a jikinsu?" Kada ka kuskura ka ce marainansu kashi-kashi ne, suna ƙaruwa da shekaru. Ka ce, "Lafiyarsu, Gwaggo." Masu hikima sun ce gwaggo ɗaya ta fi rediyo goma. To, ba su ce ba, ni na ce.

4. Zauna a kan hannayenka

In ba haka ba za su fara kwaikwayon wutsiya.

5. In an ƙure ka, faɗi gaskiya

Ni ma an ƙure ni. Gumi har tafin ƙafa, na ce, "Baba, namijin ƙadangaren ruwa rawa yake yi a gaban macen, ya ajiye ɗan ƙunshin irinsa a ƙasan ruwa, ya matsa gaba ya jira. In ta ga dama ta ɗauka."

Tsohon ya cire tabarau. Na fara neman ƙofa da ido.

"Wato ko hannunta ba ya taɓawa?"

"Ko kusa, Baba."

"Ikon Allah! Wannan dabba ta fi samarin yanzu tarbiyya. Je ka turo magabatanka."

Wallahi saura kaɗan in yi rawar a wurin.

Gargaɗi: surukina daban, naka daban. In aka wurgo maka takalmanka ta taga, ni ban san ka ba, ƙadangaren ma bai san ka ba.