Ƙwan Zabi Sittin, Ba Ruwa Ba Itace

Da hannuna na cire tsohuwar na'urar daidaita zafi ta injin ƙyanƙyasarmu, na ɗaura sabuwa mai lambobi. Matata ta ce, "Baban Amina, ka karanta takardarta kuwa?"

Na ce, "Takarda ai ta 'yan koyo ce."

Tsohuwar a kan ɗari take aiki, sai na danna wa sabuwar ɗari. Ashe lissafinsu daban, ita sabuwar talatin da bakwai take so.

Kafin la'asar ƙwan zabi sittin da na sayo a Maiha sun dahu tsaf. Maƙwabta suka ci da yaji, suna sa mini albarka.

Yanzu injin yana ƙyanƙyasa lafiya lau, kuma aikina ne. Amma ko yau na doso majalisa sai a ce, "Injiniya, mu taho da yajinmu?"